Dunce: Yadda Sunan Shehin Malami Ya Koma Hular Daƙiƙai

A shekarar 1535 wani jami'in gwamnatin Ingila mai suna Richard Layton ya shiga New College, ɗaya daga cikin kwalejojin Jami'ar Oxford, ya tarar da tsakar gidan fal da takardu. An yayyaga manyan littattafai an watsar, iska tana kwasar warƙoƙin tana cusa su lungu-lungu. Can gefe ga wani mai hali daga yankin Buckinghamshire ya duƙa yana tsince su. Ya ce zai tsire su ne a igiya ya kewaye dajinsa, don idan iska ta kaɗa su bareyi su tsorata su kasa ficewa, karnukan farautarsa su sami abin kora. Dabara ce irin ta manomin shinkafa da ke ɗaura tsummoki da leda a gona saboda tsuntsaye, sai dai wannan karon tsumman ilimi ne.

Layton ya zauna ya rubuta wa maigidansa Thomas Cromwell, na hannun daman Sarki Henry na Takwas, wasiƙa yana ba shi labari cikin murna. Ya shaida masa cewa sun kori mai littattafan daga Oxford har abada, sun jefa shi kurkuku, takardunsa kuwa an kafe su da ƙusa a ginshiƙan masai na jama'a, duk wanda ya shiga ya yaga. Kurkukun da ya ambata, Bocardo, gidan wakafi ne na gaske a ƙofar arewa ta birnin, kuma sunan ya yi daidai da na wani salon kafa hujja da ɗaliban manɗiƙi suke haddacewa. Shaguɓe ne: an kulle gwanin manɗiƙi a cikin manɗiƙinsa.

Wanda ake yi wa wannan wulaƙanci ba ya nan balle ya kare kansa, domin ya shekara 227 a kabari. Sunansa John Duns Scotus, kuma a zamaninsa babu wanda ya fi shi zurfin tunani a jami'o'in Turai. A wasiƙar, Layton ya rubuta sunan "Dunce". Da waɗannan haruffa biyar kalmar ta wanzu har yau a Turanci, ma'anarta kuwa daƙiƙi.

Kalma ce ta aji

Duk wanda ya buɗe ƙamus na Turanci zai ga an fassara "dunce", wadda ake furtawa kusan "dans", da mutumin da karatu ba ya shiga kansa. Bahaushe yana da kalmomi birjik a wannan fage, kuma kowace da gurbinta. Wawa ba ya auna abin da zai aikata. Gaɓo ana cutarsa yana dariya. Sakarai da shashasha natsuwa ce suka rasa. Jahili kuwa bai sami wanda zai koya masa ba ne. Daƙiƙi dabam yake da su duka: an zaunar da shi, an biya masa, an maimaita, an wanke allo an sake rubutawa, gobe in ya dawo kamar ba a taɓa yi ba. To, shi ne "dunce". Mutum yana iya zama gwanin ciniki mai wayo kamar dila a kasuwa, amma a aji a jefe shi da ita.

Turawan yau ba su cika faɗa wa yaro ita ido da ido ba, don ta ɗan tsufa, kuma malamin da ya yi haka zai iya jawo wa kansa ƙorafin iyaye. An fi jin ta cikin raha, inda mutum zai ce da bakinsa shi "dunce" ne a lissafi ko a harkar kwamfuta, kamar yadda wani zai ce, "Ni fa a lissafi kaina tulu ne." 'Yan jarida suna son ta a kanun labarai saboda gajartarta, masu zanen barkwanci kuma suna son hularta: doguwar hular takarda mai tsini, da harafin D ɓaro-ɓaro a gabanta, a ɗora wa minista ko shugaban da ya tafka kuskure. Daga ita aka ƙiro "duncery", wato daƙiƙanci, wadda mawaƙi John Milton ya caccaki manyan limaman Cocin Ingila da ita a 1642. Wannan ta kusa ɓacewa daga bakin mutane, uwar kuwa tana nan daram.

Mutumin garin Duns

Asalin kalmar sunan gari ne. Duns ƙaramin gari ne a kudu maso gabashin Sikotlan, kusa da iyaka da Ingila, kuma can aka haifi John wajen 1265 ko 1266. Kamar yadda muke da Aminu Kano da Shehu Shagari, haka aka laƙaba masa sunan garinsu. "Scotus" kuma da Latin yana nufin mutumin Sikotlan.

Ya shiga ɗariƙar Faransiskan, mabiya tafarkin Francis na Assisi, waɗanda suka ɗauki talauci a matsayin ibada. An naɗa shi limamin coci a Northampton ranar 17 ga Maris, 1291. Ya yi karatu ya kuma karantar a Oxford, sannan a 1302 ya fara ba da darasi a Paris, wadda a lokacin ita ce cibiyar ilimin addinin Kirista a Turai baki ɗaya. Bai daɗe ba rigima ta same shi. Sarkin Faransa Philip na Huɗu da Fafaroma Boniface na Takwas sun sa zare, tun daga batun karɓar haraji a kan dukiyar coci har zuwa wane ne sama da wani. A watan Yunin 1303 jami'an sarki suka bi gidajen 'yan ɗariƙa suna neman kowa ya nuna ɓangaren da yake. Scotus yana cikin waɗanda suka tsaya wa Fafaroma, aka kore su daga ƙasar. Ya koma Paris a 1304, ya kai matsayin babban malamin tauhidin Kirista a 1305, sannan a 1307 ɗariƙarsa ta tura shi birnin Kolon na Jamus. Can ya rasu ranar 8 ga Nuwamba, 1308, bai wuce shekara arba'in da 'yan kai ba.

Karatun jami'a a zamanin yana da kama da na zaure. Akwai matani, akwai sharhi. Kamar yadda ɗalibin fiƙihu a wurinmu yake bi ta Ahlari da Ishmawi da Iziyya har ya kai Risala, haka kowane mai neman zama malamin tauhidi a Turai dole ya yi sharhin wani littafi da Peter Lombard ya tattara a ƙarni na 12. Darasin kuma muƙabala ce. Malam zai kafa tambaya, a jero hujjojin masu cewa a'a, a jero na masu cewa e, sannan ya yanke hukunci, ya dawo ya warware hujjojin da suka saɓa masa ɗaya bayan ɗaya. A wannan fage Scotus ba shi da na biyu. Inda kowa ya ga abu ɗaya, shi sai ya gano biyu, ya kuma nuna inda suka rabu. Shi ya sa aka yi masa laƙabi da Latin, Doctor Subtilis, wato malami mai tsefe magana har silinta.

Ga misalin irin tambayar da ta dame shi. Ɗauki tagwaye, Hassan da Usaini: uwa ɗaya, uba ɗaya, kama ɗaya. Mutuntakar da ke jikin Hassan ita ce a jikin Usaini, ba ta fi yawa a wurin ɗaya ba. To mene ne ya sa Hassan ya zama Hassan, ba Usaini ba? Thomas Aquinas, babban malamin ɗariƙar Dominikan wanda ya rasu a 1274, ya ce jiki ne ya raba su, wannan tsoka da waccan tsoka. Scotus bai gamsu ba. Ya ce a cikin kowace halitta akwai wani abu na ƙarshe da ya keɓanta da ita kaɗai, wanda ba a rabawa, ba a kuma maimaitawa. Kalmar da aka san wannan ra'ayi da ita ita ce "haecceitas", daga kalmar Latin mai nufin "wannan". Da Hausa sai mu ce wannantaka.

Wannan bincike yana da tushe a littattafan Musulmi. A ƙarni na 12 an juya ɓangarorin Kitabus Shifa na Ibn Sina zuwa Latin a birnin Toledo na ƙasar Sifen, Turawa suka san shi da Avicenna. Shi ne ya yi bayanin cewa ɗabi'ar abu, kamar dokantakar doki, a karan kanta ba ɗaya ba ce ba kuma jam'i ba ce, sai ta sauka a kan wani doki takamaimai ko a cikin tunanin mai tunani. A kan wannan harsashi Scotus ya yi gininsa. Haka nan a saɓanin da ke tsakanin Ibn Sina da Ibn Rushd game da ainihin abin da ilimin falsafa mafi zurfi yake bincika, ya bi bayan Ibn Sina. Ke nan cikin takardun da iska ta yi ta wasa da su a Oxford akwai sunan Ibn Sina, malamin Bukhara.

Ba a mugun sarki

Mutuwar wuri ta bar baya da ƙura. Scotus ya tafi bai gama tace babban littafinsa, Ordinatio, ba. Almajiransa suka tattara daftarinsa da abin da suka rubuta a darasi, suka cike giɓi, har littattafan wasu suka shige cikin nasa. Rubutunsa dama mai tsauri ne, sai ya zamana kowane sharhi yana bukatar wani sharhin. Shekara ɗari biyu ana haka, har mabiyansa suka zama rundunar da ta riƙe kujerun karantarwa a jami'o'i da dama. A Ingila ana ce musu "Dunsmen" ko "Dunses", mutanen Duns, kuma da fari babu zagi a ciki, kamar dai a ce Malikawa ko Shafi'awa.

Sai zamani ya juya. Wajen 1450 Gutenberg ya ƙera injin ɗab'i a Mainz, littafi ya yi araha. Wani sabon ayarin masana ya taso yana cewa a bar hashiya a koma asali: a koyi Girkanci da Ibrananci a karanta littattafan addini da harshen da aka fara rubuta su, a kuma gyara Latin ɗin da malaman jami'a suka cika da kalmomin ƙirƙira. Jagoransu, Erasmus na Rotterdam, ya fitar da littafin barkwanci a 1511 inda Wauta da kanta ta hau mumbari tana yabon kanta, kuma cikin waɗanda ta yi wa ba'a har da mabiya Scotus. A 1516 ya buga Sabon Alkawari da Girkanci. Shekara guda bayan haka Martin Luther ya tayar da ƙurar da ta raba cocin Turai biyu.

Mutanen Duns suka ga ana neman tuge tukunyar da suke ci a ciki, suka yi tsaye. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: da yawansu sun yaƙi sabon karatun ne ba tare da sun san shi ba. A Oxford wasu masu ƙin Girkanci har suka sa wa kansu suna mutanen Troy, birnin da tatsuniya ta ce ya yi yaƙi da Girkawa, suna tsangwamar masu koyon harshen, abin da ya sa masani Thomas More ya rubuta wa jami'ar wasiƙar jan kunne a 1518. William Tyndale, wanda aka buga fassararsa ta Sabon Alkawari da Turanci a 1526, aka kuma kashe shi a 1536, ya kamanta almajiran Duns da tsofaffin karnuka masu haushi a kan kowane mumbari don ƙin harsunan asali.

Siyasa ce ta ƙarasa aikin. A 1534 Sarki Henry ya ɓalle daga ikon Fafaroma ya zama shugaban Cocin Ingila. Littattafan tsofaffin malaman jami'a sun zama makaman abokin gaba, shi kuwa Scotus dama an san ɓangaren da ya tsaya tun 1303. Umarnin sarki na 1535 ya hana karantar da littafin Lombard da sharhohinsa, ya wajabta wa kwalejoji darussan Girkanci da Latin. Wannan umarni ne ya kai Layton Oxford. A 1550, zamanin Sarki Edward na Shida, aka sake yi wa ɗakin karatun jami'ar wata sharar da ta bar shi kango, sai a 1602 Thomas Bodley ya sake buɗe shi.

Cikin shekaru hamsin kacal ma'anar sunan ta gangara mataki-mataki. Daga mabiyin Scotus ta koma mai gardamar banza da tsefe abin da bai kai a tsefe ba. Daga nan ta koma mai taurin kai da ya ƙi sabon ilimi. Wanda ya ƙi koyo da wanda ya kasa koyo kuwa ba su da nisa a idon mai zagi, don haka kafin ƙarni na 16 ya ƙare "dunce" ta zama daƙiƙi kawai, masu faɗarta ma ba su san akwai wani mutum a bayanta ba. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Taurin kan almajirai ne ya fara zubar da sunan malam, masu nasara kuma suka binne shi ba tare da sun buɗe littafinsa ba.

Abin lura shi ne a Ingila wannan ya faru. A ƙasashen da suka zauna kan Katolika, makarantar Scotus bunƙasa ta yi a ƙarni na 17, har wani malamin Faransiskan ɗan ƙasar Ayalan, Luke Wadding, ya buga ayyukansa cikin mujalladi 12 a birnin Lyon a 1639. Mutum ɗaya, littattafai ɗaya: a wannan gaɓar teku shehi, a waccan zagi. Abin da ya bambanta shi ne wanda ya ci yaƙin makaranta.

Daga alƙalamin mawaƙi zuwa kan yaro

Wanda ya ƙara wa kalmar armashi shi ne mawaƙi Alexander Pope. Ya fitar da bugun wasannin Shakespeare, sai wani masani mai suna Lewis Theobald ya wallafa littafi a 1726 yana zayyana kurakuran da ke ciki. Wanzami ba ya son jarfa. A 1728 Pope ya mayar da martani da doguwar waƙar zambo mai suna The Dunciad, inda ya ƙaga daular daƙiƙai ya naɗa Theobald sarkinta, ya kuma jero marubutan Landan da yake jin haushinsu a matsayin fadawa. A bugun 1743 ya tuɓe shi ya naɗa Colley Cibber, mawaƙin fadar sarki. Masana Shakespeare na baya sun tabbatar cewa Theobald ya fi Pope iya aikin tace matani, wasu gyare-gyarensa ma har yau ana bin su. Sau biyu ke nan kalmar tana sauka a kan wanda laifinsa yawan bin diddigi ne.

Abokin Pope, Jonathan Swift, shi ma yana da wani zancen hikima a kan yadda daƙiƙai suke haɗa kai su yaƙi haziƙi. Daga nan aka ciro sunan littafin A Confederacy of Dunces na Ba'amurke John Kennedy Toole, wanda masu ɗab'i suka ƙi karɓa yana raye. Ya rasu a 1969, mahaifiyarsa ta yi ta fafutuka har aka buga shi a 1980, ya ci lambar Pulitzer a 1981.

Duk wannan faɗan manya ne, masu alƙalamin ramawa. A ƙarni na 19 kalmar ta sauka a kan waɗanda ba su da bakin magana. A littafin The Old Curiosity Shop na Charles Dickens, wanda ya fito tsakanin 1840 da 1841, an siffanta ajin wata makarantar ƙauye, kuma cikin kayan ajin akwai hular daƙiƙi da aka naɗa da tsofaffin jaridu, tana zaune a kan 'yar kantarta ita kaɗai. Yadda ake amfani da ita sananne ne. Yaro ya kasa karanta layinsa ko ya ɓata lissafi, sai malam ya kira shi gaban aji, ya kifa masa hular, ya tsayar da shi a kusurwa ko ya ɗora shi kan doguwar kujera. Sauran yara suna leƙensa suna ƙunshe dariya, shi kuwa wuyansa a sandare don kada hular ta faɗi a ƙara masa wani hukuncin. A Faransa hular tana da kunnuwa biyu dogaye, sunanta ma hular jaki.

Akwai dalilin kuɗi a bayan wannan tsanani. Daga 1862 gwamnatin Ingila ta ɗaura tallafin da take ba makarantun firamare a kan sakamakon jarrabawa: sufeto zai zo ya gwada yara a karatu da rubutu da lissafi, duk yaron da ya faɗi an rage wa makaranta kuɗi. Daga 1880 kuma zuwa makaranta ya zama dole, azuzuwa suka cika da 'ya'yan talakawa, wasu da yunwa, wasu ba sa gani sosai, wasu ba sa ji sosai. Yaro mai jinkiri ya zama asara a aljihun malam, hula kuma ta fi haƙuri araha.

Ana yawan ba da labarin cewa Scotus da kansa ne ya ƙirƙiro hular, wai yana ganin tsininta yana zuƙo ilimi ya zuba a ƙwaƙwalwa kamar mazurari. Labari ne mai daɗin ji, amma ƙagagge ne. Ɗaruruwan shekaru ne tsakanin rasuwarsa da zamanin da hular ta zama kayan aji.

Su wa suka sa ta? A 1896 wani likita a garin Seaford, W. Pringle Morgan, ya wallafa bayanin wani yaro ɗan shekara 14 a mujallar likitocin Birtaniya. Yaron mai kaifin basira ne, gwani a wasa, yana iya lissafi, amma ya shekara da shekaru ana fama da shi ya kasa karanta kalmomi masu sauƙi, har sunansa yakan birkita wajen rubutawa. Malaminsa ya shaida cewa da baki kaɗai ake karatu, da babu wanda zai kama ƙafarsa a makarantar. Wannan na cikin bayanan farko na larurar da yanzu ake kira disleksiya, wadda take sa haruffa su riƙa rikice wa mai ita alhali hankalinsa garau. Sannu a hankali cikin ƙarni na 20 hular ta fita daga aji ta koma gidan tarihi da shafin barkwanci.

Danginta a ƙamus

"Dunce" ba ita kaɗai ce ta yi irin wannan tafiya ba. "Fool", wato wawa, wadda ta haifi "folly" da "foolishness" masu nufin wauta, ta shigo Turanci ta hanyar Faransanci daga kalmar Latin "follis", zugazugin maƙeri: fata ce kumburarriya, in ka matsa iska ce kawai a ciki. "Silly" a tsohon Turanci mai albarka take nufi, daga nan ta koma marar laifi, ta koma abin tausayi, ta ƙare a sakarai. Bahaushe zai gane wannan hanya, don in aka ce "wane ai bawan Allah ne", wani lokaci yabo ne, wani lokaci ana nufin ba shi da wayo. "Idiot" daga Girkanci take, inda take nufin mutum gama-gari wanda ba ya riƙe da muƙami ko wata ƙwarewa. "Nice" kuwa hawa ta yi: tushenta kalmar Latin ce mai nufin wanda bai sani ba, ta shigo Turanci da ma'anar wawa, yau kuma ita ake faɗa wa abu mai kyau. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya, har a cikin ƙamus.

Nijeriya ma ta ƙara wa Sikotlan wani tabon. A Turancin titi na Legas da kewaye, in aka ce da mutum "Dundee United" ana nufin dolo ne, alhali sunan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta birnin Dundee ne. Ana danganta abin da rangadin da ƙungiyar ta kawo Nijeriya a 1972, inda wasanta ya ba 'yan kallo kunya.

Amma misalin da ya fi kusa da labarin Duns yana cikin Hausa kanta. Almajiri daga Larabci take, almuhajir, wanda ya bar gida don neman ilimi, kuma har gobe babban malami yakan ce shi almajirin wane ne cikin alfahari. A bakin mutanen birni da shafukan jaridu kuwa ta koma yaro mai kwano a bakin titi. Ta ɗaya ɓangaren, masanin harshe Paul Newman ya nuna a 2013 cewa "boko" ba daga kalmar Turanci ta littafi ta fito ba, tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin bogi, irin na amaryar boko, wadda mutanen allo suka laƙaba wa karatun da Turawa suka kawo. Kowane ɓangare ya sa wa ɗan'uwansa suna. Sai dai wanda takardarsa take samar da aikin gwamnati shi ne yake cike fom, shi ya sa alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka, yake kuma rubuta wasiƙa da ajami, yakan sami kansa a layin waɗanda aka ce ba su yi karatu ba.

Malam ya dawo, kalma ta ƙi komawa

Martabar Scotus ta farfaɗo a hankali. Mawaƙin Ingila Gerard Manley Hopkins ya yi masa waƙa a 1879. Masanin falsafa Ba'amurke Charles Sanders Peirce ya ɗauke shi cikin manyan malamansa. Bajamushe Martin Heidegger ya rubuta kundin neman kujerar karantarwa a kansa a 1915, ko da yake daga baya an gano ɗaya daga cikin littattafan da ya dogara da su na wani ne, Thomas na Erfurt, tsohuwar matsalar nan ta cakuɗuwar littattafai. A 1854 Cocin Katolika ta mayar da ra'ayin da ya kare game da tsarkin Nana Maryamu tun daga cikin mahaifiyarta ya zama aƙidar coci. A 1950 aka fara fitar da tataccen bugun ayyukansa a Vatican. A 1966 aka kafa mutum-mutuminsa a garin Duns don cikarsa shekara 700 da haihuwa, sannan ranar 20 ga Maris, 1993, Fafaroma John Paul na Biyu ya tabbatar da shi cikin masu albarka, matakin da ke gab da waliyyi a wurinsu. Kabarinsa yana nan a cocin 'yan ɗariƙarsa a Kolon, ana ziyarta.

Duk wannan bai motsa ƙamus ba. Magana zarar bunu ce, kuma masu faɗin "dunce" a duniya sun ninka masu karanta Ordinatio sau ba adadi. Hausawa suna cewa suna linzami ne, amma labarin mutumin Duns ya nuna linzamin ba ya hannun mai sunan, yana hannun waɗanda suka zo bayansa, masoya da maƙiya.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Malamin da ya ƙarar da gajeriyar rayuwarsa yana kafa hujja cewa kowace halitta tana da wannantakarta, cewa Hassan ba Usaini ba ne ko da uwarsu ta kasa bambanta su, sunansa aka manna wa hula guda mai awo guda. Mai yunwa ya sa ta, mai ciwon ido ya sa ta, kurma ya sa ta, haka ma yara irin ɗan shekara 14 ɗin nan da haruffa suke yi wa rawa a takarda. Da malamin ajin ya san ko sunan wa ke bayan harafin D ɗin, ya kuma karanta ko shafi ɗaya daga takardun da aka tsorata bareyi da su, da kafin ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauko hular ya fara tambaya: wannan yaron, shi wannan ɗin, mene ne ya hana shi ganewa?